Yadda Ake Zaɓen Injin Washi Na Hannu, Da Yadda Ake Tayar Da Shi Ya Koma Aiki

Injin washi na kan tebur, mai dutse ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba shi da kayan ciki da yawa. Sandar ƙarfe ce guda ta ratsa shi, naɗin waya yana juya ta, boris biyu suna riƙe da ita, sai kafasita da makunni a gindinsa. Ɗan'uwansa injin goge, wanda ake ɗaura wa faifan tsumma don ƙarfe ya yi sheƙi, shi ma haka cikinsa yake, sandarsa ce kawai ta fi tsawo. Wannan ƙarancin kaya ne ya sa injin da ya tsufa a wani gareji a Faransa ko Jamus yake iya zuwa Garwa ta Kamaru ya sake cin wasu shekarun a hannun mai walda ko maƙeri.

A cikin kayan nan, biyu ne kuɗinka yake saye: sandar da naɗin. Boris, kafasita, makunni, har da dutsen, duk akwai sababbi a kasuwa. Amma in sanda ta lanƙwashe, ko naɗi ya ƙone, gyaran yakan kusa kuɗin wani injin. Don haka binciken da za ka yi a gaban mai kaya a kan waɗannan biyun zai tsaya. Kada fenti ya ɗauke maka hankali. Na sha ganin inji an fesa masa sabon shuɗi har kan allon bayanansa, ciki kuwa toka.

Yawancinsu kayan brokant ne, wato tsofaffin kayan da aka yi amfani da su a Turai, ana sauke su a Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko su biyo babbar mota, daga nan su rarrabu zuwa Garwa, Marwa, Kusiri har Njamena. Wasu ta Najeriya suke shigowa, ta Mubi ko Yola. Wasu kuma na gida ne, na kamfani ko makarantar koyon sana'a da aka yi gwanjonsu. In za ka dubo, riƙe tocila, tsumma, sukudireba, sifana da mitar gwajin wuta. In ba ka iya mita ba, tafi da wanda ya iya, ka biya shi kuɗin shayi.

Fara da allon jikinsa

Goge allon da tsumma da ɗan kananzir. In rubutun ya dushe, haska tocila daga gefe, lambobin da aka buga za su fito da inuwarsu. Ɗauki hoto, don za ka buƙace shi ranar sayen kayan gyara.

Wutarmu a Kamaru da Cadi 220 V ce, 50 Hz. Injin da aka rubuta wa 220, 230 ko 240 namu ne. In ka ga 110, 115 ko 120 tare da 60 Hz, na Amurka ne ko Kanada, kuma kana jona shi kai tsaye zai ƙone. Sai da taransifoma, kuma ko da ita gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida: mai 3450 zai dawo wajen 2870, ga saurin zafi. Baldor na Amurka inji ne na gaske, amma ka haɗa kuɗin taransifoma a lissafinka kafin ka yi murnar arha.

Sai ka nemi alamar 1~ ko 3~. Ta farko wutar gida ce, ta biyu wuta layi uku ce ta masana'anta. Manyan injinan gwanjo da yawa 3~ ne, shi ya sa suke daɗewa a shago ba a taya ba. In allon ya nuna 220/380, mai naɗin inji zai iya haɗa shi ta alamar Δ ya sa masa kafasita, wajen 70 µF (ma'aunin girman kafasita) ga kowane kilowat, ya tashi da wutar gida. Zai rasa kusan sulusin ƙarfinsa, amma injin washi ba ya tashi da kaya a kansa, saboda haka dabarar tana yi masa. In 380/660 ko 400/690 aka rubuta, bar shi ga mai layi uku.

Gudu ana rubuta shi tr/min a na Faransa, U/min a na Jamus, RPM a na Ingila da Amurka. Iri biyu za ka tarar: mai sauri, tsakanin 2800 da 2950, da mai sanyi, wajen 1400 zuwa 1450. Mai walda da ke cin bakin ƙarfe mai sauri yake so. Wanda aikinsa wuƙaƙen mahauta ne, da askar wanzamai, da kurfin kafinta, in ya dace da mai 1400 kada ya bari ya wuce shi, don ba ya saurin ƙona kaifi.

Ƙarfi kuma da W, wato wat, ake rubuta shi, ko da doki: CV, ch ko PS 736 W ne, HP kuma 746 W. In ka ga P1 da P2, na farkon wutar da yake ci ne, na biyun abin da yake bayarwa a sanda, kuma shi ne naka. A ganina dutse mai faɗin milimita 150 yana son aƙalla 250 W, mai 200 kuma daga 500 zuwa sama. Ɗaga injin ma ka ji. Wanda aka rubuta wa babban lamba amma yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya, lambar ta fi shi.

Akwai wata alama da mutane ba sa kula da ita, mu kuwa ta shafe mu ƙwarai. S1 na nufin yana iya wuni yana aiki. S2 30 min na nufin bayan rabin awa sai an kashe shi ya huce sarai. Masu ƙera injinan nan suna yin lissafinsu ne a kan zafin wuri da bai wuce digiri 40 ba, mu kuma a Maris da Afrilu inuwa ma takan wuce haka a Garwa da Marwa, balle ƙarƙashin rumfar kwano. In ka san ana gobe Layya layi za a yi maka da wuƙaƙe, S1 za ka nema.

Sunaye irin su Peugeot na Faransa, Metabo na Jamus da Creusen na Holan suna da kyakkyawan tarihi, sai dai suna ba ya miƙe sandar da ta tanƙware. In kuma babu allo gaba ɗaya, buɗe gindin ka dubi tsofaffin wayoyin. Ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, na Turai ne. Ja da baƙi da kore, tsohon ɗan Ingila ne. Baƙi da fari da kore, hattara, na Amurka ne. Kafasitar ma tana ba da labari: 400 ko 450 V alamar injin 220 ce, in ka ga 125 V na wutar 110 ne.

Gwaji kafin a jona wuta

Mai kaya zai yi saurin cewa bari a kunna maka. Ce masa ya dakata. Juya sandar da hannu tukuna, ka ɗora bakin sukudireba a kan mazaunin boris, ƙotar a kunnenka. Lafiyayyen boris shuuu kawai yake yi. In ka ji gurr-gurr ko ƙas-ƙas, ya tafi, kuma wannan ba abin fasa ciniki ba ne, abin rage kuɗi ne. Kama bakin sandar ka girgiza sama da ƙasa. Bai kamata ka ji motsi ba.

Sa hanci a ramukan iska ko ƙarƙashin gindi. Naɗin da ya taɓa ƙonewa yana da ƙauri mai yaji da ba ya barin inji ko bayan shekaru. Haska tocila ciki: waya mai launin jan ƙarfe ko ruwan zuma lafiya lau, baƙa mai ɓarɓashi kuwa ta gama.

Yanzu sandar. Roƙi mai kaya a cire duwatsun, don dutse da faifan ƙarfen da ke matse shi sukan yi rawa alhali sandar ba ta da laifi, wani lokaci kuma su ɓoye laifinta. Ɗaure fensir a kan bulo ko katako, bakinsa ya kusa taɓa sandar a daidai inda dutse ke zama, ka juya a hankali kana kallon tazarar. In fensir ya taɓa a gefe ɗaya ya saki a ɗaya gefen har idonka ya gani, sandar ta bugu, galibi faɗuwa ce a kwantena ko a bayan mota. Yi wa ɓangarorin biyu. Injin da ya faɗi wannan gwaji ni ba na tayawa, ko nawa aka rage. Dubi zaren noti ma: in an taɓa dukan bakin sandar da guduma ya baje, noti ba zai hau daidai ba.

Da mita, kunna makunnin injin ba tare da wuta ba, ka auna tsakanin ƙafafun filogi biyu. Za ka ga 'yan om kaɗan zuwa 'yan gomomi. In babu komai, wani wuri ya yanke, wataƙila makunni ne kawai. Sannan auna tsakanin ƙafar filogi da jikin inji inda babu fenti: nan kam bai kamata mita ta motsa ba. In ta motsa, wuta tana zuba a jiki.

Sai a jona, kai kana gefe. Ya kamata ya kai cikakken gudunsa cikin 'yan daƙiƙu. In ya tsaya yana gurnani bai juya ba, kashe nan take, don a haka naɗi yake dahuwa. Sake kunnawa ka tura sandar da ɗan itace. In ya kama gudu, yawanci kafasita ce ta mutu. Bar shi ya yi minti goma, ka dafa jikinsa. Ɗumi ba laifi, amma zafin da hannu ba zai iya zama ba, kuma ba a sa shi aiki ba, alamar naɗi ya fara haɗewa ce. In ka kashe ka ji "ƙas" yayin da gudu ke raguwa, kada ka tsorata, wani makunni ne na ciki da wasu injinan ke da shi, yana komawa mazauninsa.

Duk abin da ka gano, faɗe shi a fili wurin ciniki: "Alhaji, kai ma ka ji boris ɗin nan da kunnenka, ga kafasita sai na saya, a duba mini."

Kwancewa da canjin boris

Cire filogi. Ɗauki hoton wayoyin gindi kafin ka taɓa ko ɗaya. Haɗa ƙafafun kafasita biyu da sukudireba mai ƙotar roba don ta sauke wutar da ta riƙe. Karce layi daga murfin gefe zuwa gangar jiki, dama da hagu, don su koma yadda suka fito. Ajiye kwano biyu, kayan dama daban na hagu daban.

Notin hagu zarensa a juye yake. Yara da yawa sun lalata sanda suna ta ɗaure shi suna zaton kwancewa suke. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane noti yana kwancewa ne ta inda dutse ke juyawa in inji na aiki, wato saman sifana ya taho wajenka. In ya ƙi, jiƙa shi da gazuwal, wato man dizal, ya kwana. Kada ka kama sandar da filaya tsirara. Naɗe ta da fata tukuna, ko ka riƙe notin ɗaya gefen.

Cire dogayen kusoshin da suka ratsa jiki, ka bubbuga murfin da katako, ba da ƙarfe ba. Zaro sandar a miƙe, kada ta karci naɗin. Akwai wata siririyar washa mai lanƙwasa a bayan boris ɗaya, lura da gefen da take. Abin da za ka tarar a ciki yakan ba da mamaki: garin ƙarfe, ƙurar hunturu, har gidan zanzaro. Share da buroshi mai laushi ka hure da iska. Ruwa ba ya taɓa naɗi. In injin ya sha damina a waje, shanya gangar a rana ta wuni biyu ko uku kafin ka sake gwada ta da mita.

Lambar boris tana gefensa. A irin waɗannan injina za ka fi ganin 6201, 6202, 6203, 6204 ko 6205, ramukansu milimita 12, 15, 17, 20 da 25 bi da bi. Harafin ƙarshe shi ne murfinsa: ZZ na ƙarfe, 2RS na roba. Mu da muke fama da ƙura daga Disamba zuwa Maris, ga kuma garin dutsen kansa, 2RS ya fi mana. Canza biyun tare ko da ɗaya ne ke kuka. Jabu ya yi yawa a kwalin manyan sunaye, saboda haka sayi wurin wanda in ka dawo zai kalle ka. Juya shi a hannu, in ka ji yashi-yashi ko rubutun jikinsa ya karkace, mayar.

Cire tsohon da abin zaro boris, in ba ka da shi ara wurin bakanike. Wurin sa sabo, nemi guntun bututu da ya hau zoben ciki kaɗai, ka buga a hankali. In ka daki zoben waje, ka raunata ƙwallayen tun bai fara aiki ba. Ɗora boris a kan kwano a rana tsaka na ɗan lokaci, sandar kuma tana inuwa, yana sauƙaƙa shigar. In mazaunin boris a murfi ya buɗe har boris na yawo, kada ka yarda a yi masa tsaga da kurfi, kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya sa masa zobe.

Bayan ka haɗa, sabon 2RS yakan ɗan riƙe sanda, ba za ta daɗe tana juyawa ba in an kashe. Ba matsala ba ce. Busasshen boris ne ke ta gudu yana ƙara.

Ɓangaren wuta

Kafasita a saya mai lambar µF daidai da tsohuwar, V ɗinta kuma daidai ko sama. Irin ta famfon ruwa mai 450 V tana yi, in lambar ta dace. Ta fankar sama yawanci ta yi kaɗan. In injinka mai makunnin ciki ne, kafasitarsa ta tayarwa ce kawai, mai babbar lamba, ba a musanya ta da waccan. Goge bakin makunnin da sanfefa mai laushi ka tabbata yana buɗewa yana rufewa.

Tsohuwar waya da ta bushe tana tsagewa a canza ta da mai jijiya uku, ta ukun a ɗaure ta a jikin inji, kuma soket ɗin shagonka ya zama yana da wayar ƙasa ta gaske. Wurin washi akwai ruwan tsoma ƙarfe, akwai mutum da silifa ko ƙafa tsirara. Makunnin da garin ƙarfe ya cika kada ka tsaya lallashinsa.

In ta kama sai an sake naɗi, ka tsaya a kan abu uku da mai naɗin: wayar jan ƙarfe zalla, kauri da yawan zagaye irin na asali, a kuma jiƙa da banish a gasa. Babban tsohon inji mai nauyi ya cancanci wannan kashe kuɗi. Ƙarami mara nauyi bai cancanta ba.

Tsatsa kuwa buroshin waya da sanfefa sun isa. Rufe allo da sanda da salatif, ka yi fentinka.

Dutse

Nan ne ake rasa ido, wani lokaci har rai. Dutsen da ya zo da inji ba ka san faɗuwa nawa ya yi a hanya ba, kuma tsagarsa ba ta cika nunawa a ido ba. Gefen dutse mai milimita 200 a gudun 2850 yana tafiyar kusan mita 30 a daƙiƙa, sama da kilomita 100 a awa. In ya fashe, da wannan gudun gutsattsarinsa za su fito.

Ka ga yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya? Haka ake yi wa dutse. Ya zama busasshe, an kakkaɓe shi. Rataye shi a yatsa ko a sanda ta raminsa, ka buga shi a hankali da ƙotar sukudireba ko katako, kusa da baki, dama da hagu, ka ɗan juya shi ka sake, har ka zagaye. Lafiyayye yana amsawa da "tiiin" mai tsawo. Mai tsaga "ƙwaf" zai yi ya yi shiru. Wannan a fasa shi da guduma kafin a zubar, don kada wani ya tsinta ya ɗaura. Sabon dutse ma daga kwali sai an yi masa haka.

Takardar gefen dutse tana ɗauke da iyakar gudunsa. Lambar nan dole ta kai ko ta wuce gudun injinka. Yawancin irin waɗannan duwatsu mita 35 a daƙiƙa ne iyakarsu. Mai 200 ya tsira a inji mai 2850, amma mai 250 a wannan gudun ya haura 37, ya wuce iyaka. Kada ka cire murfin da ke kare dutse don babban dutse ya shiga.

Za ka ga rubutu kamar A 60 M V. Harafin A dutse ne mai toka-toka na ƙarfe na yau da kullum, WA fari ne na kaifi mai kyau, GC kore ne na bakin dirilar kankare da makamantansa. Lambar tsakiya kaushinsa ce: 36 na cin ƙarfe, 60 na tsaka-tsaki, 80 zuwa sama na gamawa. Harafin da ke biye taurinsa ne, daga A mai laushi zuwa Z. V gasasshe ne, B kuma da ƙaro aka haɗa shi, kuma irin wannan yana da ranar lalacewa a jikinsa. Ga shago ɗaya mai inji ɗaya, 36 a gefe guda da 60 a ɗayan sun wadatar.

Ramin dutse ya hau sanda da hannu, ba duka ba rawa. In ramin 32 ko 20 ne sandar kuma 16 ko 12.7, akwai zoben roba da ake sayarwa don haka. Ba a cike gurbin da tsumma ko gwangwani. Faifan ƙarfe biyu da ke matse dutsen su zama girmansu ɗaya, kowanne ya kai aƙalla sulusin faɗin dutsen, kuma cikinsu a ɗan rarake yake don bakinsu kaɗai ya taɓa. Washar mota ba ta maye gurbinsu. Tsakanin faifai da dutse dole a sami takarda. In ta asali ta yage, yanka daga kwali mara kauri. Ɗaure noti daidai yadda dutse ba zai zame ba, ka tsaya. Ƙarin ƙarfi shi ke tsaga dutse daga rami.

Mayar da murfi duka. Ƙarfen da ake ɗora aiki a kai ya matso dutse, tazarar kada ta wuce milimita 3, harshen saman murfi kuma kada ya wuce 6. In ƙarfen ɗora aikin ya ɓata, wanda shi ya fi ɓata a kayan brokant, mai walda zai yi maka daga ƙarfe mai kauri, da doguwar huda don a riƙa matso da shi yayin da dutse ke cinyewa. Juya da hannu ka ji babu inda ke gogawa. Kunna, ka koma gefe, ka kori yara daga gaba, ya yi minti guda cur.

In yana rawa, kashe, sassauta noti, ka ɗan juya dutsen a kan faifansa, ka ɗaure ka sake gwadawa. Sau da yawa a nan ake dacewa. Sannan a gyara fuskar dutsen da abin gyaransa, mai taurari ko mai bakin lu'ulu'u, ana bi da shi dama da hagu har fuskar ta miƙe ta yi sabon kaushi. Ba a washi a gefen dutse. Ba a kuma cin alminiyon ko tagulla da shi, suna toshe shi ya yi zafi. Wurin wasa wuƙa ajiye gwangwanin ruwa kusa. Da bakin ya yi shuɗi ya kai wajen digiri 300, taurinsa ya tafi.

Injin goge

Ana gane shi da doguwar sanda, babu ƙarfen ɗora aiki, bakin sandar kuma sau da yawa mai tsini ne da zare, inda faifan tsumma ke hawa. Tsinin ma akwai na dama akwai na hagu. In ka musanya, faifai zai kwance ya tashi sama. Gwajin fensir ya fi muhimmanci a nan, don doguwar sanda ta fi saurin bugewa. Ana iya mayar da injin washi na goge ta ɗaura masa wannan tsini, amma tsumma yana jan ƙarfi fiye da dutse. Ƙaramin inji zai riƙa tsayawa da ka danna. Ga faifai mai 200 ni na fi son doki ɗaya.

Tsoffin faifan da suka zo da shi a zubar, ba ka san abin da suka sha ba. Iri uku ake aiki da su: na igiya mai kaushi don share karce, na tsumma ɗinkakke, da sakakke mai laushi na ƙarshe. Sabulun gogen ana gane shi da launi: baƙi na farkon aikin ƙarfe, ruwan ƙasa na tagulla da alminiyon, fari ko kore na ƙarfen da ba ya tsatsa, ja na azurfa da zinariya. Kowane sabulu da faifansa, rubuta a gefe. Taɓa sabulun kaɗan kawai yayin da faifai ke gudu. In aiki ya fara baƙin maiƙo, ya yi yawa. Kuma goge ba ya cire rami, sai an bi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi tukuna. Masu yin zobba, kwalliyar takobi da kayan doki a Marwa, rabin aikinsu a sanfefar yake ƙarewa.

Injin nan ya fi na washi fizge. Riƙe aiki a ƙasan tsakiyar faifai, inda yake juyawa ƙasa, kada kaifi ko kusurwa su fuskanci juyin. Ba a sa safar hannu, ba a tsayawa da babbar riga, rawani mai jela ko carbi a wuya. Sarƙa a naɗe ta a katako kafin a kai ta. Tabarau da abin rufe hanci dole ne, don ƙurar sabulun ruwan ƙasa tana da garin yashi mai cutar huhu.

Kafa shi

Ɗaure injin da kusoshi a tebur mai nauyi ko a ƙafar ƙarfe da aka kafe a siminti, da guntun tayar mota a ƙarƙashi don ta sha rawar. Tsayin sanda ya zo wajen gwiwar hannunka. Nisanta shi da jarkar fetur da buhun auduga, don tartsatsi yana tafiya nesa. In da janareta kake aiki, ka tuna inji yana jan wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi. Janareta ya ninka ƙarfin injin kamar sau uku, kuma kada a tayar da shi lokacin da ake walda. Ranar da wuta ta yi ƙasa har ƙwan fitila ya yi ja, bar shi a kashe. A makon farko riƙa dafa mazaunin boris bayan aiki, ka sake duba noti da tazarar milimita 3 ɗin nan, don sabon dutse yana saurin cinyewa a farko.